Tambaya: Shin ƙarfin iska ɗaya ne a ko'ina cikin mahaukaciyar guguwar teku?

Malamin Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, kuma ina neman taimakon masu ilmin yanayi da ke wannan zaure. Duk lokacin da mahaukaciyar guguwa ta doshi Amurka ko tsibiran Karebiyan, gidajen rediyo kan ce tana tafe da iska mai gudun kilomita 200 ko 250 cikin sa'a guda, su kuma ce faɗinta ya kai ɗaruruwan kilomita. Abin da nake son a fayyace mini shi ne, shin wannan gudun da ake ambata ya game faɗin guguwar baki ɗaya, ko kuwa akwai inda iskar ta fi tsanani? Idan akwai, me ya sa ake cewa tsakiyarta shiru take, alhali a hankalce nan ne ya kamata ta fi muni? Ina kuma son sanin yadda za a kwatanta ta da iskar farkon damina da ke yaye mana rufin gidaje a watan Afrilu da Mayu, domin ɗalibai ba sa riƙe bayani sai an haɗa shi da abin da suka gani da idonsu. Allah Ya saka da alheri.

Dattijon Unguwar Rimi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Amsar farko ita ce a'a. Adadin da ake faɗa a rediyo shi ne gudun iska mafi ƙarfi da ke cikin guguwar, kuma sau da yawa wani siririn zobe ne kawai ke ɗauke da shi, ba dukan faɗinta ba.

Tushen al'amarin shi ne bambancin matsin iska. A bakin teku, matsin iska na yau da kullum yana kusa da miliba 1013 (miliba ita ce ma'aunin matsin iska), amma a tsakiyar babbar guguwa yakan faɗo ƙasa da 950, har ma guguwar Wilma ta 2005 ta kai 882, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a tekun Atlantika. Iska kuwa kullum tana barin inda matsi ya yi yawa ta nufi inda ya yi kaɗan. Sai dai jujjuyawar duniya ba ta barin ta ta miƙe kai tsaye zuwa tsakiya, tana karkatar da ita, don haka sai ta shiga zagaye tana matsowa ciki a hankali. Yayin da da'irar da take bi ke ƙara ƙuntata, gudunta na ƙaruwa, kuma a kusa da tsakiyar ne matsin ke faɗuwa da sauri cikin 'yar gajeriyar tazara. Wanda ke can gefe, a nisan kilomita 200 ko 300, zai ga ruwan sama mai zuwa yana ɗaukewa da iska mai ƙarfi amma wadda gida mai kyau zai jure. Idan guguwar ta ci gaba da matso shi, ƙarfin zai riƙa hauhawa, da farko sannu a hankali, sannan cikin gaggawa a 'yan kilomitocin ƙarshe.

Akwai iyakar da iskar ba ta iya wucewa. Idan gudun zagayenta ya kai wani matsayi, ƙarfin da ke wurga ta waje yakan yi daidai da wanda ke jan ta ciki, sai ta daina matsowa ta haura sama. A nan ne ake samun katangar gajimare mai tsayin kilomita 15 ko fiye, wadda ake kira katangar ido, kuma a ƙarƙashinta ne iska da ruwan sama suka fi tsanani. Abin da katangar ta kewaye shi ne idon guguwar, wanda faɗinsa kan kama daga kilomita 30 zuwa 65, wato babba daga cikinsu bai kai tazarar Kaduna zuwa Zariya ba. A cikin idon iska saukowa take yi daga sama, tana ɗumama tana busar da gajimare, shi ya sa wani lokaci ake ganin rana ko taurari. Wannan shirun ya sha cin rayukan mutane, domin sukan fito duba ɓarna a zaton komai ya wuce. Idan ido mai faɗin kilomita 40 yana tafiyar kilomita 20 cikin sa'a, shirun ba zai wuce sa'o'i biyu ba ga wanda ke daidai tsakiyar hanyarsa, sannan ɗaya ɓangaren katangar ya iso da cikakken ƙarfinsa, kuma daga kishiyar kusurwar da iskar farko ta fito. Bishiya ko bangon da iskar farko ta raunana ta gefe ɗaya, ta biyu ce kan kayar da shi.

Ko a jikin katangar ma ƙarfin ba ɗaya ba ne. A arewacin layin ikwaita guguwa tana juyawa ne akasin hannun agogo, kuma ita kanta tana tafiya gaba. A ɓangarenta na dama, idan ka fuskanci inda ta dosa, iskar zagaye da tafiyar guguwar sun fuskanci wuri ɗaya, sai su haɗu. A hagu kuwa suna adawa da juna. A lissafi mai sauƙi, idan zagayen kilomita 180 ne, tafiyar kuma 30, dama za ta sami 210, hagu 150. A zahiri bambancin bai cika kaiwa haka daidai ba, amma ya isa ya sa garuruwa biyu masu nisa ɗaya da idon su sami ɓarna daban. A kudancin ikwaita, irin su Mozambik da Madagaska, abin yana juyewa, ɓangaren hagu ne ya fi muni.

Injiniyan Barnawa ya rubuta:

Baba ya yi bayanin fasalin guguwar yadda ya kamata, Allah Ya ƙara girma. Ni zan tsaya ne kan ma'anar adadin, domin aikina gini ne, kuma ta nan ne abin ya fi shafar mu.

Ƙarfin da iska ke tura bango da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Idan gudun ya ninka sau biyu, turin yana ninkawa sau huɗu. Iska mai gudun kilomita 120 cikin sa'a tana ɗora nauyin kusan kilo 70 a kan kowace murabba'in mita ta bangon da ta fuskanta, amma mai gudun 250 tana ɗora kusan kilo 300, wato nauyin buhun siminti shida a kan wuri mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Malam, wannan lissafin ne nake ganin ɗalibanka za su fi riƙewa. A ma'aunin Saffir-Simpson, wanda injiniya Herbert Saffir da masanin yanayi Robert Simpson suka tsara a farkon shekarun 1970, rukuni na ɗaya yana farawa daga kilomita 119, na biyu daga 154, na uku daga 178, na huɗu daga 209, na biyar kuma daga 252. Gudun farkon na biyar bai fi ninki biyu da ɗoriya na farkon na ɗaya ba, amma turinsa ya haura ninki huɗu, kuma da zarar rufi ɗaya ya tashi, katakonsa da kwanonsa sun zama abin da ke fasa gidan maƙwabci.

Sannan a lura, wannan adadi ba na bugun iska na ɗan lokaci ba ne. Amurkawa suna ɗaukar matsakaicin gudu na minti ɗaya a tsayin mita 10 daga ƙasa, Japan da wasu ƙasashe da dama suna ɗaukar na minti goma, Indiya kuma na minti uku. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa guguwa ɗaya kan zo da adadi biyu a labarai. Haiyan, wadda ta auka wa Filifins a watan Nuwamban 2013, cibiyar sojojin Amurka ta ƙiyasta ta kan kilomita 315, hukumar Japan kuma kan 230, ko da yake hanyoyin ƙiyasin nasu ma sun bambanta. A cikin wannan matsakaicin akwai bugu na 'yan daƙiƙu wanda ya fi shi ƙarfi ƙwarai, kuma shi ne ke ɓalle ƙusa. Bugu mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa aunawa a doron ƙasa, ban da na guguwar tudu mai siffar mazurari, shi ne kilomita 408 a tsibirin Barrow na Ostireliya, lokacin guguwar Olivia a watan Afrilun 1996.

Game da iskarmu ta farkon damina, asalinta daban ne. Hadari ne ke jeruwa ya taso daga gabas, ruwan da ke zuba ta cikin busasshiyar iska ya sanyaya ta, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu a gaban hadarin, shi ya sa ƙura da sanyi ke riga ruwan isowa. Ba ta zagaye, kuma tsananinta yakan lafa cikin ɗan lokaci, saɓanin guguwar teku da kan daki gari sa'o'i masu yawa tana sauya kusurwa. Amma yadda suke cire rufi iri ɗaya ne. Iskar da ke gudu a kan kwano tana rage matsin da ke samansa, sai rufin ya ɗagu, idan kuma ƙofa ko taga ta ɓalle a gefen da iska ke bugowa, matsin cikin ɗaki ya ƙaru, ya tura daga ƙasa. A ganina yawancin rufin da ke tashi a unguwanninmu ba ƙarfin iskar ba ne ya fi ƙarfinsu. Katako ne ake ɗorawa a kan bulo ba tare da an ɗaure shi da rodi ko waya a jikin lintal ba, ana kuma tsimin ƙusa a gefuna da kusurwoyi, alhali nan ne ɗagawar ta fi yawa.

Malamar Kawo ta rubuta:

Assalamu alaikum. Baba da Injiniya sun gamsar da mu, amma ina da ja a kan abu ɗaya, kuma ina roƙon Malam kada ya bar ɗalibansa su tashi da fahimtar cewa rukunin guguwa shi ne ma'aunin haɗarinta. Rukunin yana magana ne kan iskar wannan siririn zoben kaɗai. Ba ya faɗin girman guguwar, ba ya faɗin saurin tafiyarta, ba ya kuma faɗin yawan ruwan da take ɗauke da shi.

A kwatanta guguwa biyu. Patricia, a watan Oktoban 2015, ta kai kilomita 345 cikin sa'a a tekun Fasifik, gudun da ba a taɓa auna irinsa ba a wata guguwar teku. Amma zobenta ƙarami ne ƙwarai, ta raunana kafin ta taɓa ƙasa, ta kuma shiga ta wani yanki na Meziko mai ƙarancin jama'a, don haka mutanen da suka rasu ba su da yawa. Katrina kuwa, lokacin da ta shiga jihar Luwiziyana ranar 29 ga Agustan 2005, ta riga ta sauko daga rukuni na biyar zuwa na uku. Duk da haka, saboda faɗinta da tsawon lokacin da ta ɗauka tana tura ruwan teku gabanta, tumbatsar teku ta haura mita 8 a gaɓar Misisipi, katangun da ke kare birnin New Orleans suka karye, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse, mutane fiye da dubu ɗaya suka rasa rayukansu. Wanda ya ji a rediyo cewa ta sauko zuwa na uku, ya saki jiki, ya yi kuskuren fahimtar abin da adadin ke nufi.

Wani bincike na cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Mayami, wanda ya duba mace-macen da aka samu daga 1963 zuwa 2012, ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye a ƙasar ruwa ne ya ci su, tumbatsar teku kaɗai ta ɗauki kusan rabi. Ita cibiyar ma a 2010 ta cire batun tumbatsar teku daga ma'aunin Saffir-Simpson, ta bar shi na iska zalla, domin haɗa su yana rikita mutane. A nahiyarmu ma haka abin ya kasance. Idai ta shiga ta kusa da birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019, iskarta ta yaye rufin gidaje masu yawa, amma ambaliyar kogunan Buzi da Pungwe da zaftarewar ƙasa a Chimanimani ta Zimbabuwe ne suka fi kisa, har adadin mamata ya haura dubu a ƙasashe uku, ciki har da Malawi. Wannan batu ya dame ni ne saboda muna da 'ya'ya da ƙanne da ke karatu ko aiki a irin waɗannan wurare, kuma idan hukuma ta ce a tashi daga bakin teku, bai kamata ƙanƙantar rukuni ta sa kowa ya zauna ba.

Malamin Tudun Wada ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilmi mai amfani. Malama, na karɓi wannan jan hankali. Baba, ina da ƙarin tambaya idan ba za ka gaji da ni ba. Tun da zoben yana can tsakiyar teku inda babu tashar auna yanayi, ta yaya ake sanin gudun iskarsa? Kuma me ya sa irin wannan guguwa ba ta shigo mana ta Legas ko Fatakwal, alhali mu ma muna da teku mai ɗumi?

Dattijon Unguwar Rimi ya rubuta:

Babu gajiya, Malam. A Atlantika shiga cikinta ake yi. Sojojin saman Amurka da hukumar kula da teku da sararin samaniya ta ƙasar suna da jirage na musamman da ke ratsa katangar ido, galibi a tsayin kusan kilomita 3, su fita ta ɗaya gefen, su sake dawowa ta wata kusurwa. Suna jefa ƙananan na'urori masu lema waɗanda ke aiko da matsi da zafi da gudun iska yayin da suke saukowa, akwai kuma na'urar da ke ƙiyasta iskar saman ruwa daga yawan kumfar da ta tayar. Waɗannan na'urorin da ake jefawa, waɗanda aka inganta a ƙarshen shekarun 1990, su ne suka nuna cewa iska ta fi ƙarfi a tsayin kusan mita 500, kuma wadda ke saman ruwa ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na wadda jirgin ke ji, fiye da yadda ake zato a da. A kan wannan hujja ce a 2002 aka ɗaga guguwar Andrew, wadda ta daki kudancin Fulorida a 1992, daga rukuni na huɗu zuwa na biyar. Wannan kuma ya tabbatar da cewa mazauna saman dogayen benaye suna fuskantar iska fiye da ta waɗanda ke ƙasa, inda gine-gine da itatuwa ke rage mata gudu. A yawancin sauran tekuna ba a cika tura jirage ba, hoton tauraron ɗan Adam ake dubawa a ƙiyasta ƙarfin daga siffar gajimare da sanyin samansa, bisa hanyar da Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970. Saboda haka ya kamata a riƙa tuna cewa da yawa daga cikin adadin da muke ji ƙiyasi ne na ƙwararru.

Ƙarfin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Guguwa tana cin abincinta ne daga tururin ruwan teku mai ɗumin digiri 26 zuwa 27 ko fiye, wanda ke sakin zafi idan ya koma ɗigon ruwa a cikin gajimare. Idan ta hau tudu, ko ta bi ta ruwa mai sanyi, ko iskar sama ta saɓa da ta ƙasa ta karkatar da tsayuwarta, sai ta raunana. Wani lokaci sabuwar katanga takan tsiro a wajen tsohuwar ta shaƙe ta, gudun ƙololuwa ya ragu na ɗan lokaci amma yankin da iska mai ƙarfi ta mamaye ya faɗaɗa, wanda ya ƙara ƙarfafa maganar Malama. Abin da ya fi wahalar da masu hasashe shi ne hauhawa ta farat ɗaya, kamar Otis da ta tashi daga matsakaiciyar guguwa zuwa rukuni na biyar cikin kusan kwana ɗaya, ta auka wa birnin Acapulco a watan Oktoban 2023 mutane ba su gama shiri ba.

Tekun da ke kudu da mu kuwa ya yi kusa da layin ikwaita, kuma a cikin kusan digiri 5 daga layin, karkatarwar da jujjuyawar duniya ke yi wa iska ba ta da ƙarfin da zai haɗa zagaye. Bugu da ƙari, a watannin Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasa a mashigin tekun Gini. Amma muna da hannu a cikin lamarin ta wata hanya. A damina, bambancin zafin Sahara da sanyin kudu yana haifar da wata iska mai ƙarfi a sama wadda ke tafiya daga gabas zuwa yamma, tana kuma yin lanƙwasa duk bayan kwana uku zuwa biyar. Waɗannan lanƙwasoshi suna ratsa sararin Cadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali tare da tarin hadari, su fita teku ta Senegal da Gini. Yawancinsu sukan watse, amma mafi yawan manyan guguwowin Atlantika daga cikinsu suke tsirowa, musamman a Agusta da Satumba. Galibi sai sun yi nisa cikin teku suke ƙarfi, ko da yake Fred ta kai matsayin mahaukaciyar guguwa tun tana kusa da gaɓar Afirka, ta ratsa tsibiran Kep Verde a ƙarshen Agustan 2015, karo na farko da suka ga irin haka tun 1892.